Na wanke kafet ɗin mashaya, baƙin ya dawo, manaja ya riƙe kuɗina

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a Manchesta da iyalina. Na gama karatu, takardun zamana sun ba ni damar yin sana'ar kaina, sai na tattara ɗan abin da na tara na sayi injin wanke kafet na hannu. Gidaje nake bi, kuma alhamdulillahi ba a taɓa kuka da aikina ba. Kwanakin baya wani manajan mashaya ya kira ni, muka yi ciniki fam 400, ya ba ni fam 100 kafin alƙalami. Kafet ɗin mai zanen ja da ruwan ƙwai ne, amma gaban kanta da bakin ƙofar kicin sun yi baƙi ƙirin, sun daskare har suna sheƙi. Na shiga bayan sun tashi da dare. Na ninka sabulu a tankin inji, na fesa maganin maiƙo na kicin a kan baƙin, na yi ta bi da ruwa sau biyar ko shida. Da asuba wurin ya yi kyau sosai, na rufe ƙofofi na tafi. Bayan kwana biyu ya turo min hotuna: baƙin ya dawo, wuraren ruwan ƙwan sun yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa, ya ce takalmi yana mannewa, wurin kuma yana tsami. Ya ce ba zai biya sauran ba. Matata ta ce daman kuɗin gidan giya ba albarka, wannan ishara ce, in bar masa kuɗin in manta. Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba tun farko, amma haya tana jira. Yaya, me na yi ba daidai ba? In koma ko in haƙura?

Ƙaninka a Manchesta

Amsa

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa nema albarka, ya kuma saka wa uwargida da alheri, don macen da ta damu da inda abincin gidanta yake fitowa ba abar rainawa ba ce. Sai dai tambayoyi biyu ka kawo, ɓacin rai ya sa ka ɗaure su da igiya ɗaya. Ɗaya ita ce me ya sami kafet. Ɗayar kuma ko ya dace ka yi aiki a gidan giya. In ka bar su a haɗe ba za ka samu amsar ko guda ba. Da kafet ɗin nan a masallaci yake shimfiɗe, ka yi masa abin da ka yi masa a daren nan, da haka zai fito, da dabbarensa da tsaminsa. Ruwa ba ya tsami banza, dalilin wannan tsamin kuwa yana cikin wasiƙarka, kai da hannunka ka rubuta shi.

Mu fara da abin da ka tarar a ƙasa. Kafet ɗin gidajen da ka saba bi yawanci zaren roba ne, yana jure wulaƙanci, ka jiƙa shi sharkaf ya bushe ya yafe maka. Na mashayun Ingila ba haka yake ba. Da yawansu irin saƙar da ake kira Axminster ce, sunan wani gari a yankin Devon inda wani masaƙi mai suna Thomas Whitty ya fara saƙa kafet a 1755. Zaren sama galibi kashi 80 ulu ne, kashi 20 nailan, gindin kuma sau da yawa akwai zaren algarara a cikinsa, irin wanda ake saƙa buhu da shi. Wannan zane mai hayaniya da kake gani, ja da ruwan ƙwai da shuɗi a cakuɗe, ba don ado kaɗai ake zaɓarsa ba. Yana ɓoye datti. Kafin idon manaja ya ga kafet ya yi baƙi har ya ɗauki waya ya kira mai wanki, dattin da ke ƙasa ya ninka wanda ke bayyane nesa ba kusa ba.

Baƙin da ke gaban kanta ba tabo ba ne, gini ne da aka yi shekaru ana ɗora shi. Giya da lemo suna da sukari, idan sun zube ruwan ya tafi, sukarin ya zauna ya yi danƙo. Masu kai abinci suna kwaso maiƙo daga daɓen kicin a ƙasan takalmansu. Masu shigowa suna kawo yashi da ƙurar titi, da gishirin da ake watsawa a kan hanya lokacin hunturu. Danƙo ya kama ƙura, maiƙo ya haɗe su, ƙafafu su danne, gobe a sake wani zubin a kai. Shi ya sa yake sheƙi. Idan kuma ka ga ƙunar sigari barkatai a jikinsa, wannan alama ce ta tsufa, don tun ranar 1 ga Yulin 2007 aka hana shan taba a cikin mashayu da wuraren aiki a Ingila.

A duk wasiƙarka ban ga inda ka ce ka fara bi da injin zuƙe ƙura ba. Nan matsalar ta soma. Mafi yawan dattin kafet busasshe ne, yashi da ƙura da gashi da ɓarɓashin abinci. Muddin yana bushe, fitar da shi abu ne mai sauƙi. Da zarar ka zuba masa ruwa ya zama taɓo, ya gangara gindi. Sai ka ninka sabulu a tanki. Sabulun da ke cikin ruwan ɗauraya ba ya fita, don da shi kake ɗaurayar. Ya bushe a jikin zare, aikinsa kuwa kama datti, don haka yake ci gaba da kamawa daga takalman mutane. Wannan ne mannewar da manaja yake kuka da ita.

Maganin maiƙo na kicin shi ne ya fi tayar min da hankali. Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa zalla yana kan 7. Ƙasa da haka ɓangaren tsami ne, inda lemon tsami yake. Sama da haka ɓangaren kanwa da toka ne. Magungunan da ake wanke murhu da daɓen kicin da su suna kaiwa 12 ko 13, an yi su ne don ƙarfe da tayil. Ulu kuwa gashin tunkiya ne, kuma da ruwa mai tsami ake kama rininsa. Idan ka zuba masa mai ƙarfin kanwa, zaren yakan yi kaushi ya yi rawaya, rini kuma yakan saki, ja ya malala cikin ruwan ƙwai. Bilic ma kada ka kusance shi, narkar da ulu yake yi.

Sai ruwa sau biyar ko shida da ƙaramin inji. Injin ya fi ƙarfin zubawa a kan ƙarfin zuƙewa, duk bi ɗaya yana barin saura, har ruwan ya ratsa ya jiƙa algararar gindi. Ka ga kyan da ka gani da asuba? Gaskiya ne, kan zaren ya fita. Amma kafet daga sama yake bushewa, kuma yayin da saman ke bushewa zaren yana janyo ruwan ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan ya iso sama ya tafi, ya bar abin da ya ɗauko a kan zare. Abin da ya ɗauko kuwa iri biyu ne: taɓon da ka tura ƙasa, shi ne baƙin da ya dawo, da kuma launin algarara da ruwan kanwa ya narkar, shi ne dabbaren ruwan ƙasa. Da ka rufe ƙofofi ka tafi, ba iska ba fanka, sai bushewar ta ja kwanaki. Kafet ɗin da ya wuce awa 24 a jiƙe, ga sukari ga maiƙo, ƙwayoyin cuta sun samu abinci, tsami ya tashi.

To, ka koma. Wannan ita ce shawarata kai tsaye, kuma ba don fam 300 ɗin kaɗai ba. Ka karɓi kafin alƙalami, ka ɗauki alkawari, ka bar wa mutum kayansa a halin da ya fi na da muni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko da ka yanke a ranka cewa ba za ka sake taka mashaya ba, barin ɓarna a baya ba tsoron Allah ba ne. Dokar ƙasar ma tana tare da manajan a nan: dokar 1982 kan samar da kaya da ayyuka ta ɗora wa mai sana'a ya yi aiki da ƙwarewa da kulawa gwargwadon hankali. Ka kira shi, kada ka yi musu, kada kuma ka zuba dogon ban haƙuri. Ka ce ka ga hotunan, ka san abin da ya jawo, za ka zo ka duba da rana, sannan ka gyara ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Zuwan rana yana da muhimmanci, don hasken mashaya da dare yaudara ne. Ka tafi da farin tawul, da almakashi, da ashana, da takardar gwajin pH, ana samun ta da arha. Ka yanki 'yan zare daga lungun da ba a gani, ka fita waje ka ƙona. Ulu yana warin ƙonannen gashi, wutar tana mutuwa da kanta, tokar tana murjewa a yatsa. Zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Ka jiƙa wuri kaɗan da ruwa zalla ka danna takardar gwaji, za ta nuna maka yawan kanwar da ka bari. Ka jiƙa tawul da maganin da za ka yi aiki da shi, ka danne shi a kan jan zane na 'yan mintuna, in ya ɗauko ja to rinin yana saki, sai ka sauya magani. Sannan ka zagaya gefen bango da wuraren haɗi ka duba ko kafet ya ja baya ya bar katakon ƙusoshin da ke riƙe shi. Algarara tana tsukewa idan ta sha ruwa. In hakan ta faru, aikin mai shimfiɗa kafet ne ya zo ya ja shi da kayan aikinsa, kada ka gwada da hannu. Duk abin da ka gani ka ɗauki hoto, ka nuna wa manaja tun kafin ka taɓa komai.

Wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya tsara wata ƙa'ida a 1959 da masu wanki ke aiki da ita har yau. Ya ce abubuwa huɗu ke fitar da datti: magani, zafi, lokaci da gurza. In ka rage ɗaya dole ka ƙara wani. Kai a daren nan ba ka gurza ba, ba ka ba maganin lokaci ba, sai ka ɗora wa magani da ruwa nauyin duka. A kan ulu kuwa magani ne aka ɗaure maka hannu a kansa, zafi ma bai kamata ya wuce kusan digiri 60 ba. Abin da ya rage maka shi ne gurza da haƙuri, kuma su ne gaskiyar wannan aiki.

Don haka injinka shi kaɗai ba zai yi ba. Kana bukatar injin buroshi, ko mai buroshi biyu masu juyawa suna fuskantar juna, ko mai faifai ɗaya mai juyawa a hankali. Ana ba da hayarsu na kwana. Kana bukatar fankar busar da kafet, irin mai hura iska a ƙasa, aƙalla biyu. Abin da ma na fi so maka shi ne ka nemi wani da ya daɗe a sana'ar, mai babban inji, ka biya shi ya zo ku yi daren tare. Wataƙila abin da za ka ba shi ya cinye rabin sauran kuɗinka. Ka ɗauke shi kuɗin makaranta, don abin da za ka gani a hannunsa cikin dare ɗaya ya fi abin da zan rubuta maka a nan.

Ranar aikin, sai kafet ya bushe sarai tukuna. Ka bi da injin zuƙe ƙura a hankali, tsaye da kwance, ka daɗe a bakin ƙofa. Baƙin da ya daskare ka fara kankare shi da abu marar kaifi, abin da ya fita a bushe ya rage maka aiki. Cingam ka fesa masa maganin daskarewa ka fasa shi, ko ka sa masa man cire cingam kaɗan ka ɗauke. Filin da sabulu kawai ya yi wa yawa kada ka ƙara masa wani sabulu, wanda ke ciki ya isa. Ruwan ɗauraya mai ɗan tsami za ka zuba a tanki, ana sayar da shi musamman don kafet, shi ne zai kashe kanwar ya fitar da sauran sabulu. Ka sa maganin kashe kumfa a tankin ruwan datti, don kumfar da za ta fito za ta ba ka mamaki, kuma in ta hau cikin inji za ta ƙona maka shi.

Wuraren baƙin kuwa, ka fesa maganin da aka yi don ulu, ka duba tambarin WoolSafe a jikin jarkar, alamar cewa maganin ya dace da ulu, ka kuma auna yadda aka rubuta ba yadda zuciyarka ta raya maka ba. Ka bi da injin buroshi har maganin ya shiga, ka bar shi minti 10 zuwa 15, amma kada ya bushe. Shi ya sa ake yin aikin yanki-yanki, ba a fesa wa zaure duka lokaci ɗaya. Sannan ka ɗauraye: bi ɗaya da ruwa, bi biyu ko uku da zuƙa kawai ba ruwa. Ka riƙa kallon abin da ke wucewa ta tiyo. In wurin bai fita ba, ka sa masa fanka ka wuce gaba, ka dawo masa daga baya da sabon feshi da sabuwar gurza. Wannan ya fi ka tsaya kana ta ɗura masa ruwa. Duk yankin da ka gama, fanka ta hau kansa nan take. A kunna na'urar ɗumama ɗaki, a buɗe taga ko ƙofa don danshi ya samu hanyar fita. Kujeru da tebura in dole a mayar, a sa musu 'yar leda ko takardar alminiyom a ƙarƙashin ƙafa, in ba haka ba ƙarfe zai bar tsatsa, katako ya bar fenti, ka sake sabon laifi.

Dabbaren ruwan ƙasa sau da yawa ɗauraya mai tsami da saurin bushewa sun ishe shi. In ya yi taurin kai akwai maganinsa na musamman, mai warin farar wuta. Ka gwada a lungu tukuna, ka buɗe tagogi, ka sa takunkumi, don yana tayar wa masu asma da ciwonsu. Kuma ko da wasa kada ka haɗa bilic da wani abu mai tsami, iskar da ke tashi tana iya kai mutum asibiti. Ruwan dattin a masai ake juye shi, ba a kwatar titi ba. Kwatar titi ta ruwan sama ce, da yawanta kai tsaye take zuwa rafi, zuba sabulu a ciki laifi ne.

Akwai abin da ba zai dawo ba, kuma gara manaja ya ji shi daga bakinka kafin aiki. Inda ƙafa ta cinye zare har gindi ya fito, wanki ba ya tsirar da ulu. Ƙunar sigari tana nan. Idan maganin kicin ya riga ya ƙone zaren ko ya malalar da rini, wannan ma ya zauna, kuma wannan ɓarnarka ce, sai ku yi maganar ragi. A nan ne inshora ke shigowa. Ba ka ambace ta ba, ina fata kana da ita. Ka duba takardarta da kyau, don inshorar da ke biyan wanda ya zame ya faɗi a kan jiƙaƙƙen daɓe sau da yawa ba ta biyan kafet ɗin da kake aiki a kansa, sai an ƙara wannan sharaɗin daban.

In ka gyara, ka kai masa takardar neman biya mai kwanan wata. Mafi yawan manajoji idan suka ga mutum ya dawo da kansa ya gyara, biya suke yi. In ya ƙi, doka ta ba ka hanya. Dokar 1998 kan jinkirin biyan bashin kasuwanci ta ba ka damar neman ƙarin diyya, ƙaramar kotun bashi a Ingila kuma tana sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba, ba sai da lauya ba. Ofishin Citizens Advice, mai ba jama'a shawara kan haƙƙinsu, zai nuna maka yadda ake rubuta wasiƙar gargaɗi kyauta. Ba na jin za ta kai ku can. Bari in sako wata magana saboda ƙannenmu da ke karanta wannan shafi: shi wannan ɗan'uwa takardunsa sun ba shi damar sana'ar kansa. Wanda ke kan bizar ɗalibi a Birtaniya ba a yarje masa ba, ko da bai cika awa 20 ɗin da aka ba shi a mako ba. Kada inji ya jawo wa mutum asarar karatunsa.

Yanzu maganar uwargida, wadda ita ce ta hana ka barci. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya ambaci mutum goma da aka la'anta game da giya, cikinsu akwai mai matsa ta, mai shan ta, mai ɗaukar ta, mai shayar da ita, mai sayar da ita, mai sayen ta da mai cin kuɗinta. Ba a ambaci mai shara ko mai wanki da suna ba. Amma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo, kuma a kanta malamai da yawa suka dogara suka ce gyara wurin da aka gina don shan giya taimako ne ga abin da ake yi a ciki. Wasu suna sassautawa ga mai larura idan aikinsa bai taɓa giyar ba. Fatawa ta malamai ce, kuma Manchesta ba ta rasa su ba. Ka je wurin wanda ka yarda da iliminsa, wanda ya san zaman Turai, ka faɗa masa komai ba ragi: irin wurin, yawan kuɗin, halin da kake ciki na haya. Ka tambaye shi har hukuncin fam 400 ɗin nan. Ka gaya wa uwargida za ka je, in da hali ku je tare, don ta ji da kunnenta.

In ra'ayina kake so, ga shi. Kai da kanka ka ce zuciyarka ba ta kwanta ba tun kafin ka kunna inji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a bar abin da ke sa kokwanto zuwa wanda ba ya sawa. Ka gama wannan don alkawari ne, sannan ka juya akalarka wani wajen. Ba ina faɗa maka haka don ka zauna da yunwa ba ne. Wanda ya iya fitar da baƙin gaban kanta, ba kafet ɗin kasuwanci da zai gagare shi, kuma aikin yana da yawa: ofisoshi, makarantu, gidajen kula da tsofaffi, ɗakunan taro, gidajen abinci na halal da ke cike a garinku, da masallatai, musamman gab da azumi.

Kowanne da halinsa, kada ka ɗauki darasin mashaya ka shafa wa kowa. Kafet ɗin ofis yawanci gutsure-gutsure ne masu kusurwa huɗu da aka manna da gam, wasu gindinsu kwalta ce. Ruwa da yawa yana sakin gam, maganin da ke narkar da mai yana janyo kwaltar sama ta yi baƙin da ba ya fita, ƙarƙashin daɓen kuma sau da yawa wayoyin lantarki ne. Can wanki mai ƙarancin ruwa ake yi, a fesa, a gurza, ya bushe, a zuƙe. Gidan abinci mai zaren roba yana jure magani mai ƙarfi, amma robar tana son mai, sai ka dage da zafi da ɗauraya. Masallaci kuwa dattinsa gumin ƙafa ne da ruwan alwala, yana taruwa a bakin ƙofa da sahun gaba, kuma mutane za su ɗora goshinsu a kai, don haka ɗauraya ce gaba da komai, kada ka rufe wari da turare.

Wani abu kuma tun yanzu. Jumhurun malamai, har da Malikiyya da muka tashi a kai, suna ɗaukar giya najasa ce. Ka ware tufafi da takalman aiki, ka sauya kafin ka tsaya sallar Asuba. Tankin inji da tiyo da buroshi ka wanke su tas da ruwa mai gudu kafin su shiga gidan wani ko masallaci.

Daga yau kada ka sake yanka farashi a waya. Ka je ka gani, ka auna faɗin wurin da mita, ka gwada zare, ka rubuta a takarda abin da zai fita da abin da ba zai fita ba, da awannin da kafet ke bukata kafin a taka shi, ku sa hannu ku biyu. Ƙungiyar masu wanke kafet ta Birtaniya, NCCA, wadda aka kafa a 1968, tana ba da horo na 'yan kwanaki kan sanin zare da cire tabo, ka sa shi a lissafin kuɗin da za ka fara tarawa. Shi kuwa wannan gyaran, ka roƙi manaja ya ba ka daren Lahadi ko na Litinin, lokacin da ciniki ya yi sanyi, ya kuma jinkirta buɗewa washegari ko ya killace gaban kanta da kujeru har yamma. Ka bar fankoki suna aiki bayan ka tafi, ka dawo da rana ka ɗauke su, ka taɓa gindin zaren da bayan hannunka a gabansa kafin ka miƙa masa takardar biya.